Terry Callier da Faifansa na Farko: Me Ya Sa Kasuwar Waƙa ta Amurka ta Kasa Sayar da Shi?

A cikin mawaƙa baƙaƙen fata da suka taso a Amurka a shekarun 1960, kaɗan ne masana kiɗa suka haɗu a kan gwanintarsu kamar yadda suka haɗu a kan Terry Callier, kuma kaɗan ne kasuwar waƙa ta yi wa riƙon sakainar kashi kamar yadda ta yi masa. An haife shi a birnin Shikago ranar 24 ga Mayu, 1945, ya kuma rasu a can ranar 27 ga Oktoba, 2012. A tsakanin nan ya fitar da kundin waƙoƙi fiye da goma, ya rubuta wa wasu waƙar da ta ci kasuwa alhali nasa fayafayan suna kwance a shaguna, ya bar sana'ar baki ɗaya ya koma aikin kwamfuta, daga baya kuma wasu matasa a Landan, waɗanda bai ma san da zamansu ba, suka tono tsofaffin fayafayansa suka mayar da shi kan dandamali bayan ya haura shekara 45. Masu ba da wannan labari sun fi son su rataya shi a kan tsautsayi guda, wato ɓatan faifansa na farko, domin labari ne mai daɗin faɗa. Tsautsayin ya faru, kuma za a zo kansa, amma wanda ya tsaya a nan bai ga abin da ya danne Callier ba, domin ko da faifan ya fito a makon da aka naɗe shi, da wuya tsarin sayar da waƙa na Amurka a wancan lokaci ya sami inda zai ajiye shi.

Ya kamata a fara da unguwar da ya tashi. Cabrini-Green rukunin gidajen gwamnati ne da ke arewa da tsakiyar Shikago, inda aka tara dubban iyalai marasa ƙarfi, akasarinsu baƙaƙen fata waɗanda su ko iyayensu suka baro jihohin kudu a babbar ƙaurar da ta kwashi mutane kusan miliyan 6 zuwa biranen arewa da yamma tsakanin shekarun 1910 da 1970. Daga baya sunan unguwar ya zama abin misali wajen talauci da ta'asar 'yan daba, amma a ƙuruciyar Callier wuri ne da waƙa ta yi wa yawa. Curtis Mayfield da Jerry Butler da Major Lance duk a wannan yanki suka tashi, kuma ya san su tun suna yara. Samari kan tsaya a lungu su haɗa murya huɗu ko biyar ba ganga ba jita, salon da ake kira doo-wop, kuma a nan ya koyi sarrafa muryarsa bayan ya fara da fiyano tun yana ƙarami. A 1962, yana ɗan shekara 17, ya je gwaji a kamfanin Chess, gidan su Muddy Waters da Chuck Berry da Etta James, aka naɗi waƙarsa ta farko mai suna "Look at Me Now". Kamfanin ya so ya tura shi rangadi, mahaifiyarsa ta ce sai ya gama karatu tukuna, maganar ta tsaya a nan.

Da ya bi sawun abokansa, da hanyar a share take. Mayfield da Butler sun riga sun yi suna tun 1958 da ƙungiyar Impressions, kuma salon da suke ginawa, wanda ya ɗauko zafin waƙoƙin coci ya zuba shi a waƙoƙin soyayya da na neman 'yanci, shi ne ya zama kiɗan sol na Shikago. Callier kuwa ya ɗauki jita mara lantarki ya nufi unguwar Old Town, wadda take maƙwabtaka da Cabrini-Green, tafiyar ƙafa ce a tsakaninsu, amma duniyarsu daban. A can akwai ƙananan gidajen shan gahawa da kulob-kulob irin su Mother Blues, inda ɗaliban jami'a, mafi yawansu fararen fata, suke zama shiru su saurari mutum ɗaya da jitarsa yana rera tsofaffin waƙoƙin gargajiya na Ingila da Sikotland da na ƙauyukan Amurka, waɗanda yawancinsu sun daɗe suna yawo baki da baki har sunan mai su ya ɓace. Wannan shi ne abin da Amurkawa ke kira folk, kuma a farkon shekarun 1960 yana tashe ƙwarai, shi ya fito da Joan Baez da Bob Dylan. Akwai baƙaƙen fata a cikinsa, irin su Odetta da Josh White, amma 'yan tsiraru ne, kuma masu sauraronsu ba mutanen unguwarsu ba ne.

Abu na uku da ya shiga jikinsa, wanda shi ya bambanta shi da kowa a wancan dandali, shi ne John Coltrane, gwanin kiɗan jaz mai busa saksofon. Callier ya sha ba da labarin daren da ya je kallon ƙungiyar Coltrane a wani kulob a Shikago, ya tarar da mai ganga Elvin Jones yana kafe gangunansa a ƙasa da ƙusa tun kafin a fara, don kada su zame saboda ƙarfin dukan da za su sha. Abin da ya ji a daren nan ya girgiza shi har ya ajiye jita na wani lokaci, yana ganin in dai haka ake kiɗa to shi wasa yake yi. Yana da kyau a fahimci abin da Coltrane ke yi a wancan mataki, domin shi ne mabuɗin faifan Callier. Mafi yawan waƙoƙi ana gina su ne a kan jerin sautuka masu sauyawa duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, su zagaya su dawo inda suka fara, shi ya sa mai sauraro yake sanin inda waƙa za ta sauka tun kafin ta sauka. Coltrane kuwa yakan kafa sauti ɗaya ko biyu a ƙasa ya bar su suna ta gunji, shi kuma ya yi ta hawa da sauka a kansu da saksofon fiye da minti goma, har ya zama mai sauraro ya daina jiran ƙarshe. Don ƙarfafa wannan gunji, a wasu naɗe-naɗensa na 1961 ya sa makaɗan bes biyu maimakon ɗaya. Bes shi ne ƙaton kayan kiɗan nan mai tsirkiya huɗu wanda ake tsayar da shi a ƙasa, tsayinsa ya kai na mutum, sautinsa kuma ya fi na kowa zurfi. Ɗaya yakan riƙe tushen sautin, ɗayan ya sami damar yawo.

Wannan dabarar ce Callier ya ɗauko ya ɗora a kan waƙoƙin gargajiya. A 1964 ya haɗu da Samuel Charters, marubuci kuma furodusa wanda ya yi suna wajen bin diddigin tsofaffin mawaƙan buluz na kudu, a lokacin yana aiki da kamfanin Prestige. Shi Prestige kamfanin jaz ne da Bob Weinstock ya kafa a New York a 1949, kuma an san shi da aikin gaggawa: ba ya biyan kuɗin atisaye, a shiga situdiyo a kunna na'ura a fito da faifai. A 1956 Miles Davis ya naɗa masa waƙoƙin da suka cika kundi huɗu a cikin zama biyu kacal. A irin wannan tsari aka yi *The New Folk Sound of Terry Callier*, a zama guda, mawaƙin bai wuce shekara 20 ba. Kayan kiɗan duka su ne muryarsa da jitarsa da bes biyu, waɗanda Terbour Attenborough da John Tweedle suka kaɗa. Babu ganga, babu fiyano, babu 'yan amshi.

Waƙoƙi takwas ne a kundin, kuma ba shi ya rubuta su ba, abin da kan ba mutane mamaki ganin cewa daga baya da rubutun waƙa aka fi saninsa. Gwanintarsa a nan tana cikin abin da ya yi wa waƙoƙin da kowa ya riga ya sani. Ta farko, "900 Miles", tsohuwar waƙar layin dogo ce, ta mutumin da ke tafe a gefen layin jirgin ƙasa da wasiƙar gida a hannu, hawaye sun hana shi karanta ta, tsakaninsa da gida mil 900. Mawaƙan gidajen gahawa kan rera ta da ɗan sauri, jita tana kwaikwayon tafiyar jirgi. Callier ya rage mata gudu, ya bar sautin ƙasa yana kewaya wuri ɗaya, ya riƙa jan kalma guda har sai numfashinsa ya kusa ƙarewa kafin ya sake ta, muryar tana da kauri da zurfi da 'yar karkarwa a ƙarshen kowane jan numfashi. Nisan da waƙar ke magana a kai sai ya koma cikin sautin kansa. Kuma in aka tuna cewa mai rerawar ya tashi ne cikin mutanen da jirgin ƙasa ya kwaso daga Misisipi da Alabama ya sauke a Shikago, za a ga cewa waƙar ta sami ma'anar da ba ta da ita a bakin ɗalibin jami'a ɗan masu hali.

Haka ya yi wa "Cotton Eyed Joe", wadda asalinta waƙar rawa ce ta goge, mai sa a buga ƙafa, kuma masu shekaru za su tuna yadda wata ƙungiyar Suwidin ta mayar da ita kiɗan disko a 1994. A bakinsa ta zama makoki. Har "Oh Dear, What Can the Matter Be", waƙar Ingila ta ƙarni na 18 wadda yara ke rerawa a kan wani Johnny da ya je kasuwa ya daɗe bai dawo ba, sai da ya mayar da ita maganar babbar mace wadda ta fara zargin cewa ba za a dawo ɗin ba. Ta ƙarshe, "I'm a Drifter", ta kusa minti tara, kuma a cikinta tasirin Coltrane ya fi fitowa fili, domin akwai wuraren da ya bar kalmomi ya riƙa amfani da murya kamar abin busa. A ganina kundin yana da rauni guda, wato kusan duk waƙoƙin tafiyarsu ɗaya ce, a hankali, kuma mai sauraron da bai shirya zama ba zai gaji tun a tsakiya. Amma saurayin da bai wuce 20 ba ya zo da salon da babu mai irinsa, ya kuma riƙe shi daga farko har ƙarshe ba tare da ya waiwaya ya ga ko ana biye da shi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma tsautsayin. Kamar yadda labarin ya shahara, kuma kamar yadda Callier kansa ya riƙa ba da shi, Charters ya tafi Meziko da zaren naɗin a cikin kayansa, aka yi shekaru ba amo ba labari. Faifan bai bayyana a kasuwa ba sai wajajen 1968, ba talla ba sanarwa, har ma mai shi bai san ya fito ba sai da ɗan'uwansa ya ci karo da shi a wani shago a Shikago. Waɗannan shekaru kuwa su ne mafi saurin sauyi a tarihin kiɗan Amurka. 'Yan ƙungiyar Beatles ta Ingila sun sauka a ƙasar a Fabrairun 1964, Dylan ya hau dandamalin bikin Newport da jitar lantarki a Yulin 1965, Coltrane ya rasu a Yulin 1967, an kashe Martin Luther King a Afrilun 1968, a wannan shekarar kuma James Brown ya fito da waƙar alfahari da baƙar fata wadda ta cika tituna. Zamani riga ne, kuma faifan da sunansa ke cewa sabon salo ne ya iso bayan an tuɓe wannan rigar. Abin da ya ɗan rage daga cikinsa a lokacin shi ne waƙoƙi biyu, "Spin, Spin, Spin" da "It's About Time", waɗanda ƙungiyar H.P. Lovecraft ta Shikago ta sake rerawa a kundinta na 1968.

To, amma jinkiri kaɗai bai isa ya bayyana abin da ya biyo baya ba, domin fayafayansa na gaba sun fito a kan lokaci, da kuɗi a bayansu, kuma su ma ba su sayu ba. Nan ne ya zama dole a dubi yadda aka tsara kasuwar. Tun shekarun 1920 kamfanonin Amurka suke raba fayafayai bisa launin fatar wanda ake sa ran zai saya. Mujallar Billboard, wadda jadawalinta ke nuna waƙar da ta fi kasuwa, tana da jadawali na daban don waƙoƙin baƙaƙen fata: har 1949 ana kiransa na waƙoƙin launin fata, a shekarar aka sauya masa suna zuwa Rhythm and Blues, a 1969 ya koma Soul, a 1982 kuma aka kira shi Black kai tsaye. Gidajen rediyo ma haka suke a rabe, shagunan faifai haka, masu tallar kamfani haka. A Shikago su kansu masu kamfanin Chess sun mallaki gidan rediyon WVON tun 1963, wanda aka kafa don baƙaƙen fatar birnin. Abin ya yi kama da babbar kasuwa mai layi-layi, layin 'yan hatsi daban, na 'yan yadi daban: duk kyan hajarka, in ba ta da layi, mai saye ba zai san inda zai neme ta ba, dillali ma ba zai karɓa ba. Rediyon sol yana son ganga da ƙaho da waƙar minti uku, Callier ya zo da jita mara lantarki da waƙar minti tara. Rediyon fararen matasa yana kallonsa a matsayin ɗan layin sol saboda fatarsa. Masu jaz kuma suna ganin mawaƙin gidan gahawa ne.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa akwai waɗanda suka tsallake wannan katanga, kuma yadda suka tsallake yana koyar da wani abu. Richie Havens baƙar fata ne mai jita mara lantarki, ya kuma yi suna, amma yana New York, manajansa Albert Grossman shi ne na Dylan, sannan shi ya buɗe bikin Woodstock a Agustan 1969 a gaban dubban ɗaruruwan mutane da kyamarorin fim. Bill Withers ya ci kasuwa a 1971 da "Ain't No Sunshine", wadda ita ma jita ce da murya da baƙin ciki, amma tsawonta minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi, kowane gidan rediyo yana da wurinta. Callier ba shi da babban manaja, bai bar Shikago ba, kuma bai nuna yana da niyyar datse waƙarsa don ta shiga ma'aunin rediyo ba. Wannan na ƙarshe zaɓinsa ne, kuma bai kamata a ɓoye shi a cikin labarin zalunci ba. Abin da ya hana shi kasuwa shi ne dai abin da ya sa ake sauraronsa bayan shekara 50.

Shaidar cewa ya iya rubuta waƙar kasuwa in ya ga dama tana nan a fili. A 1970 Jerry Butler ya kafa wata cibiyar marubuta waƙa a Shikago, inda ake biyan matasa albashi su zauna su rubuta, Callier ya shiga tare da abokin aikinsa Larry Wade. Su biyun suka rubuta wa ƙungiyar Dells "The Love We Had (Stays on My Mind)", wadda ta shiga goman farko a jadawalin sol a 1971. Wannan nasara ce ta buɗe masa ƙofar Cadet, reshen Chess mai kula da jaz, ta kuma haɗa shi da Charles Stepney, mai tsara kiɗa wanda ya yi aiki da Rotary Connection da Minnie Riperton da Ramsey Lewis, daga baya kuma da Earth, Wind & Fire. Tsakanin 1972 da 1974 suka fitar da kundi uku: *Occasional Rain*, *What Color Is Love* da *I Just Can't Help Myself*.

Waɗannan su ne ƙololuwar aikinsa, musamman na tsakiyar. Stepney ya fahimci abin da da yawa ba za su fahimta ba, cewa jitar Callier da muryarsa su ne ƙashin bayan waƙar, saboda haka duk gogen Turawa da molon harp da ƙahonin da ya zuba sai ya sa su kewaye da su, bai binne su ba. "Dancing Girl", wadda ta buɗe *What Color Is Love*, ta kai kimanin minti tara, ta fara a hankali kamar waƙar soyayya, sannan ba zato ta juya ta shiga unguwar talakawa, ta ambaci Charlie Parker, fitaccen mai busa saksofon na jaz, yana busa shi kaɗai a ɗakinsa, ta taɓo masifar ƙwaya, ganguna da ƙahoni suka taso, Callier ya bar kalmomi ya shiga rera sautuka zalla, daga nan komai ya lafa ya koma inda aka fara. Tsarin nan na kafa tushe ɗaya a yi ta gini a kansa shi ne dai na faifan farko, sai dai yanzu waƙar tasa ce kuma makaɗan sun yi yawa. A cikin kundayen akwai waɗanda suka dace da rediyo, irin su "Ordinary Joe" da "You Goin' Miss Your Candyman", amma kamfanin da zai tura su ya riga ya fara rushewa. An sayar da Chess ga kamfanin GRT a 1969, Leonard Chess, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya rasu a Oktoban shekarar, a 1975 aka sake sayar da abin da ya rage. Stepney ya rasu a 1976 yana da shekara 45, Callier ya rasa kamfani ya kuma rasa mutumin da ya fi kowa sanin yadda za a yi da muryarsa.

Daga nan ya koma kamfanin Elektra, amma zamansa a can gajere ne. Kundi biyu ya yi, *Fire on Ice* a 1978 da *Turn You to Love* a 1979, an ɗan ja shi wajen kiɗan disko da ke tashe, kuma "Sign of the Times" ta leƙa ƙasan jadawalin sol bayan da fitaccen mai gabatar da shiri Frankie Crocker ya riƙa sa ta a New York. Daga nan kamfanin ya sallame shi. A 1982 ya fitar da waƙa guda, "I Don't Want to See Myself (Without You)", a wani ƙaramin kamfani mai suna Erect, ta wuce ba wanda ya lura.

A 1983 'yarsa, tana da shekara 12, ta dawo hannunsa, ya duba ya ga cewa kuɗin kulob-kulob ba za su riƙe yarinya a makaranta ba, sai ya ajiye jita ya koyi tsara manhajar kwamfuta. Ya sami aiki a cibiyar binciken ra'ayin jama'a da ke Jami'ar Shikago, yana kuma karatun digiri a fannin nazarin zamantakewa da dare. Marubuta da yawa kan zana wannan zango a matsayin faɗuwa, gwani ya koma ma'aikacin ofis. Ni ban ga faɗuwa a ciki ba. Sana'ar waƙa ta Amurka cike take da waɗanda suka ƙi sauka, suka ƙare a hannun giya da ƙwaya da bashi, 'ya'yansu suka tashi ba su san su ba. Mutumin da ya auna ya ga sana'a ba ta biya, ya nemi wadda za ta ciyar da iyalinsa, ya yi abin da kowane magidanci mai hankali zai yi, kuma mai yiwuwa wannan hutun ne ya adana masa muryar da ya dawo da ita.

Abin da ya faru a Birtaniya a wannan tsakani shi ne ya ƙara tabbatar da cewa matsalar ta layin kasuwa ce. Tun ƙarshen shekarun 1960 akwai matasan arewacin Ingila, 'ya'yan ma'aikatan masana'antu, waɗanda ke kwana suna rawa da tsofaffin waƙoƙin sol na Amurka a wurare irin su Wigan Casino, kuma abin alfaharinsu shi ne faifan da bai yi kasuwa ba, wanda ba kowa ke da shi ba. Rashin sayuwa a Amurka sai ya zama daraja a Ingila, "Look at Me Now" da "Ordinary Joe" suka shiga cikin waƙoƙin da ake nema. A shekarun 1980 Landan ta ɗauki irin wannan ɗabi'a, masu juya faifai a kulob da gidajen rediyon bayan fage suka riƙa haɗa jaz da sol da kiɗan Birazil a dare guda, ba ruwansu da jadawalin Billboard. A wajensu waƙar da ta haɗa salo uku riba ce. Eddie Piller, wanda ya kafa kamfanin Acid Jazz tare da Gilles Peterson a 1987, ya nemo Callier ta wayar tarho, ya sami izinin sake fitar da waƙar nan ta 1982 da aka manta, ita ce kuma ta kama. Daga 1991 Callier ya fara zuwa Birtaniya yin wasa a lokacin hutunsa na aiki, Jazz Cafe da ke unguwar Camden ya zama kamar gidansa, in hutu ya ƙare ya koma tebur a Shikago inda abokan aikinsa ba su san komai ba.

Ya yi shekaru yana wannan rayuwa biyu. A 1997 ya rera waƙa tare da mawaƙiyar Ingila Beth Orton, wadda faifansa na farko yana cikin abubuwan da suka yi mata tasiri, a 1998 kuma ya fitar da *TimePeace* a kamfanin Talkin' Loud na Peterson, kundinsa na farko na situdiyo tun 1979. Kundin ya sami lambar yabo ta zaman lafiya, labarin ya isa wurin aikinsa, ba da jimawa ba ya rasa aikin, ya koma waƙa gaba ɗaya yana da shekara 53. Daga nan matasan makaɗa suka yi ta nemansa: Paul Weller a kundin *Speak Your Peace* na 2002, furodusan Japan Nujabes wanda ya sake gina "Ordinary Joe" a 2005, sai ƙungiyar Massive Attack ta Ingila da "Live with Me" a 2006, wadda ta shiga ashirin na farko a jadawalin Birtaniya, matsayin da bai taɓa kai wa a ƙasarsa da sunansa ba. A 2011 fim ɗin Faransa *Intouchables* ya sa "You Goin' Miss Your Candyman" a cikin kiɗansa, miliyoyin mutane suka ji muryarsa, da yawansu ba su san sunan mai ita ba.

Kundayensa na ƙarshe, har zuwa *Hidden Conversations* na 2009, ba su kai na zamanin Stepney ba, kuma masu cewa sun kai suna magana ne da ƙauna. Muryar ta ƙara zurfi da natsuwa, amma tsarin kiɗan a wasu wurare ya yi santsi fiye da kima, a wasu kuma na'ura ta yi yawa. Inda ya fi ƙarfi a wannan zango shi ne kan dandamali, kamar yadda kundin *Alive* na 2001, wanda aka naɗa a Jazz Cafe, ya nuna. Ciwon daji ne ya yi ajalinsa yana da shekara 67. Ayyukansa na shekarun 1960 da 1970 kuwa sun bi kamfanonin da suka haɗiye kamfanonin da ya yi wa aiki: Prestige ya koma hannun Fantasy a 1971, daga nan zuwa Concord a 2004, wanda reshensa Craft ya sake fitar da faifan farko a 2018 tare da wasu naɗe-naɗen da ba a taɓa saki ba, kundaye ukun Cadet suna ƙarƙashin Universal, wanda ya gaji taskar Chess ta hanyar MCA, biyun Elektra kuma suna wajen Warner.